Yadda na bi layin tallafin manoman auduga a Texas, daga fom na farko har alat

Jama'a tun da na faɗa cewa na fara noman auduga a nan yammacin Texas mutane ke ta tambayata wai da gaske ne gwamnatin Amurka na raba wa manoma kuɗi, kuma ta yaya ake shiga. Eh da gaske ne, amma ba yadda na ɗauka ba sam, ni da na shiga da ka sai da na kusa cin bashin da zai kwantar da ni. Shi yasa nace bari in zauna in rubuta tiryan-tiryan yadda abun ya kasance min daga ƙarshen 2023 zuwa farkon 2026, ko wani zai huta da wahalar da na sha.

Ni dai shekara huɗu na yi ina aiki a wani kamfanin gurzar auduga a wata kawunti da ke kudu da Lubbock, kawunti kamar ƙaramar hukuma ce a tsarinsu. A nan na saba da wani dattijo manomi, Baba nake ce masa har ya saba da sunan yana amsawa, shi ne ya haɗa ni da wata tsohuwa da mijinta ya rasu ya bar mata gona eka 160 babu mai nomawa. Gonar babu ban ruwa, abun da sama ta bayar shi ke nan. Muka yi magana a kan kashi-mu-raba, yadda aka saba a yankin mai gona na ɗaukar kashi ɗaya cikin huɗu na audugar, mai noma ya ɗau uku. Muka sha hannu a falonta, ta ba ni kofi, na fito ina jin na zama manomi. Takarda ko ɗaya ba mu rubuta ba, kuma a nan na fara tafka kuskure.

A watan Janairun 2024 na tashi takanas na nufi ofishin FSA na kawuntin, wato hukumar da ke kula da harkar manoma a ƙarƙashin ma'aikatar noma ta USDA, kusan kowace kawunti ta manoma tana da nata. Na shiga hannu rabbana, lasisin tuƙi kawai ke aljihuna. Matar da ke kanta ta karɓe ni da fara'a, ta tambaye ni lambar gona, nace wace lamba kuma? Ashe kowace gona tana da lambarta a wurinsu, da lambar kowane yanki na cikinta, kuma komai a kan wannan lambar yake tafiya. Ta duba a kwamfuta da sunan tsohuwar ta gano gonar, sai tace to ina shaidar cewa ni ke noma ta. Nace ai mun yi magana da mai gonar. Tayi murmushi irin na wanda ya saba jin wannan amsar, ta rubuta min jerin abubuwan da zan kawo a 'yar takarda, yarjejeniyar haya a rubuce da sa hannun mu biyu, lambar soshal (lambar shaidar da gwamnatinsu ke ba mutum don aiki da haraji), girin kad ɗina wato takardar zama ta dindindin, da bayanan asusun banki. Tace kuma in kira a ba ni rana kafin in dawo don lokacin rajista ne mutane sun yi yawa. Zancen girin kad ɗin ku riƙe shi da kyau, ɗan ƙasa ko mai takardar zama ta dindindin shi ne hanyarsa a miƙe take, wanda ba shi da ɗaya daga ciki sharuɗɗansa daban ne kuma masu tsauri.

Rubuta yarjejeniyar nan ya ci min kusan sati uku. Tsohuwar ta tafi wajen 'yarta a wani gari mai nisan tuƙin awa biyar, ga shi ba ta harka da imel, sai ta gidan waya muka yi ta aike. Da takardar ta dawo na kai, sai aka ga a fayil ɗin gonar har yanzu sunan marigayi mijinta ne a matsayin mai ƙasa, ba wanda ya taɓa zuwa ya gyara tun rasuwarsa. Sai da 'yar ta nemo takardun gado ta turo sannan aka sauya. Wallahi a lokacin har na fara tunanin ko in haƙura da tallafin nan in yi nomana kawai, Baba ne yace kul, yace a wannan ƙasar mai yashi wanda ya yi noman auduga babu inshora babu rajista to caca yake yi da gidansa.

Ranar da aka ba ni, tsakiyar Fabrairu, na zauna awa biyu da rabi a gaban tebur ɗaya ina sa hannu. Ba a karɓi ko santi ɗaya a hannuna ba, rajistar kyauta ce, lokacinka kawai take ci. Fom na farko AD-2047, na bayanan kai ne, suna da adireshi da sauransu. Sai CCC-902, wannan shi ne mai tambayoyin ƙwaƙwaf, suna so su tabbatar da gaske kana cikin noman dumu-dumu, waye ya kawo jari, tarakta ta waye, waye ke aikin, waye ke yanke shawara. Ni taraktar Baba nake haya, kuɗin iri da magani kuma bashin banki ne, duk sai da na faɗa dalla-dalla. Sai CCC-941 inda kake rantsuwa cewa matsakaicin kuɗin shigarka bai wuce dala 900,000 a shekara ba kuma ka yarda hukumar haraji ta IRS ta tabbatar musu, na yi dariya nace Hajiya, au na manta ba a gida nake ba, nace madam ni ko kusa da unguwar wannan kuɗin ban taɓa bi ba, tace kowa sai ya cika, kuma duk shekara.  Na ƙarshe AD-1026, alƙawarin cewa ba za ka yi noman da zai zaizaye ƙasa ko ya lalata fadama ba. Gonar tawu tana cikin waɗanda aka yi wa rajista a matsayin mai saurin zaizaya saboda yashi da iska, don haka aka tura ni ƙofa ta gaba wajen mutanen NRCS, hukumar kare ƙasar noma, a cikin ginin, suka ciro tsarin kare ƙasa na gonar suka bi da ni layi-layi, in bar karan amfanin baya a kan ƙasa ko in shuka alkama ta rufe ta lokacin sanyi.

Bayan an gama wannan ne aka zo kan ainihin tallafin, kuma a nan kaina ya ɗaure. Ni a zatona za a ƙirga ekar da na shuka a biya ni a kanta. Ina! Akwai abun da suke kira bes eka, wato ekokin da tarihin gonar ya nuna an saba shuka wani amfani a kai shekaru da dama da suka wuce, a kansu ake biya, ko ka shuka auduga bana ko ka shuka dawa. Gonar tamu eka 160 ce amma bes ɗinta na auduga 112 ne kacal, kuma ko a cikin 112 ɗin kashi 85 cikin ɗari ake lissafawa. Haka yawan amfanin da ake ninkawa da shi, wani tsohon adadi ne da ke rubuce a fayil, ba ruwansa da abun da zan girba. Wato gumin da zan zubar bana ba ya cikin lissafin ko kaɗan, abun da marigayin ya noma shekarun baya shi ke ciyar da ni. Na daɗe ina kallon takardar nan.

Sai aka ce in zaɓa tsakanin PLC da ARC. A taƙaice PLC na biya ne idan farashin shekara ya faɗi ƙasa da wanda doka ta yanka, ARC kuma idan kuɗin da eka ke kawowa a kawuntin gaba ɗaya ya faɗi ƙasa da yadda aka saba. Farashin da doka ta yanka a lokacin santi 36.7 ne kan kowace laba, na ji adadin nace wannan ai wasa ne tunda audugar da na sani a kamfaninmu ta fi santi 70 a lokacin, sai ta fahimtar da ni cewa ba farashin gurzajjiyar auduga ba ne, na auduga da guryarta ne a haɗe, ana auna farashin zaren da na guryar a fitar da matsakaici. Ban yanke a ranar ba. Na je wajen mai sayar min da inshorar amfanin gona, kuma Allah ya taimake ni da na je, don shi ya gaya min cewa gonar da aka sa audugarta a PLC ko ARC ba za ta iya sayen wata inshorar auduga da ake kira STAX ba a wannan shekarar, ɗaya za ka ɗauka. Duka biyun kuma wa'adinsu 15 ga Maris ne a wajenmu, rajistar da inshorar. Na zaɓi PLC saboda ita gonar take kai tun da, kuma ita ce na fi ganewa. Da yake tsohuwar tana da kashi ɗaya cikin huɗu dole ita ma ta sa hannu a kwantiragin, aka sake zagayen gidan waya, takardar ta iso saura kwana huɗu a rufe, ban yi barcin kirki ba a satin nan.

A hanyar dawowa ne Baba ya ba ni tarihin da ya sa lissafin ya zama haka a murɗe. Brazil ce ta kai Amurka ƙara a ƙungiyar ciniki ta duniya WTO a 2002 kan cewa tallafin auduga na karya farashi a kasuwar duniya, ta kuma yi nasara, rigimar ba ta mutu ba sai 2014 da Amurka ta biya ta dala miliyan 300. A dokar noma ta 2014 aka cire auduga daga PLC da ARC aka ba ta STAX, sai a 2018 majalisa ta dawo da ita ta wannan ƙofar ta auduga haɗe da gurya. Shi yana ba da labarin ne a matsayin zaluncin da aka yi wa manoman Texas, ni kuma ina zaune a gefensa ina tuna cewa a 2003 ƙasashen Benin da Burkina Faso da Chadi da Mali su ma sun kai irin wannan kukan, cewa tallafin nan ne ke kashe manomansu. Ban ce masa komai ba. Ga ni ɗan Afirka ta Yamma na fito daga sa hannu a kan kuɗin da 'yan uwana ke kuka da shi, kuma gaskiya ba zan ce muku na ji zan mayar ba.

Na yi shuka a ƙarshen Mayu. Sati biyu da tsirowa aka yi wata iska mai yashi da ta yanke min kusan eka 30 kamar an bi da reza, na kira mai inshora ya turo aka duba, na sake shukawa. Sai zuwa na gaba a ofishin, rahoton shuka, fom FSA-578, wanda wa'adinsa 15 ga Yuli ne. Na yi sakaci sai 11 ga wata na je, na tarar da motocin manoma cike da harabar, kowa da taswirarsa a hannu, na yi zaman kusan awa uku. Ana ba ka hoton gonarka da aka ɗauka daga sama, ka zana inda ka shuka me, ka rubuta ranar shuka, da ko akwai ban ruwa, da kason kowa, ni 75 tsohuwa 25. A ranar na ɗauke shi aikin banza tunda an ce tallafin ba ya bin abun da ka shuka, ban san wannan takardar ce za ta fi kowace kawo min kuɗi ba. Wanda ya makara kuma akwai kuɗin da zai biya don sai an zo an duba gonar da ido.

Shekarar ba ta yi kyau ba, Agusta ta zo da zafi babu ruwa, abun da na girba a Nuwamba bai taka kara ya karya ba, ga farashi ya faɗo. Audugar ta bi ta ƙungiyar manoma da ke sayar mana a dunƙule, su suka yi duk harkar bashin gwamnati da ake ba wa auduga idan tana sito, santi 52 kan laba a lokacin, ni dai hannu na sa. To ga babban kuskurena. Na ji ana cewa ana biyan PLC a watan Oktoba, sai na ɗauka Oktoban 2024 ne, har na gaya wa uwargida, har na yi wa banki alƙawarin cewa da kuɗin zan rage bashi. Oktoba ta zo ta wuce shiru. Na kira ofishin a ɗan fusace, matar ta bar ni na gama sannan tace kuɗin da ake biya yanzu na noman 2023 ne, nawa na 2024 sai bayan 1 ga Oktoban 2025. Dalili kuwa shekarar cinikin auduga tana farawa 1 ga Agusta ta ƙare 31 ga Yulin shekara mai zuwa, sai ta ƙare ake sanin matsakaicin farashi, sannan a san ko za a biya ma ko ba za a biya ba. Na ajiye waya jikina yayi sanyi. Ta faɗa min wannan tun a Fabrairu, yana ma rubuce a takardar da na sa wa hannu, kunnena ne ya ji abun da yake so. Na koma aikin dare a kamfanin gurza duk lokacin sanyin nan don in biya kuɗin ruwan bashin, na kuma je na zauna da ma'aikacin bankin na faɗa masa gaskiya ya ɗaga min ƙafa.

Abun da ya cece ni bai ma cikin lissafina. A Disambar 2024 majalisa ta ware dala biliyan 10 na agajin gaggawa ga manoma saboda faɗuwar farashi da tsadar kayan noma, shirin da aka kira ECAP, aka buɗe shi 19 ga Maris 2025 zuwa 15 ga Agusta. Shi wannan a kan ekar da ka shuka a 2024 ake biya, auduga dala 84.74 kowace eka, kuma daga ina suka san ekar? Daga FSA-578 ɗin nan da na raina. Fom ɗin ma a cike ya zo min ta gidan waya, dubawa kawai na yi na sa hannu na kai. Lissafin kasona ya kama dala 10,168 da 'yan kai, amma kashi 85 aka fara biya don kada kuɗin ya ƙare kafin kowa ya samu, wato wajen 8,643. Maƙwabtana suka fara ganin nasu cikin kwanaki, ni shiru har sati uku. Da na je bincike sai ga laifina ne, na sauya banki a Janairu ban kai musu sabon asusu ba. Minti ashirin aka gyara, bayan kwana kamar goma alat ya shigo ina cikin tarakta, na tsaya a tsakiyar gona na yi hamdala. A ƙarshen Satumba aka ƙaro kashi 14, wannan ko fom ban cika ba.

Sai PLC ɗin da na shekara ɗaya da rabi ina jira. Ranar 1 ga Oktoban 2025 da ya kamata a fara biya, ranar ce gwamnatin tarayya ta rufe saboda majalisa ba ta amince da kasafi ba, rufewar da ta kai kwana 43. Na je na tarar da takarda manne a ƙofa. Wajen ƙarshen watan aka buɗe ofisoshin da ma'aikata kaɗan, nawa ya shigo a Nuwamba. Farashin ya faɗi ƙasa da 36.7 ɗin amma da 'yan santi kaɗan ne, a ninka da tsohon adadin amfanin gonar, a ninka da kashi 85 na eka 112, a cire wa tsohuwa rubu'inta, sannan a zabge kashi 5.7 na wata dokar tsuke bakin aljihu da ke bin irin waɗannan kuɗaɗen. Abun da ya rage bai kai rabin na ECAP ba, bai ma biya kuɗin iri ba. A Janairu kuma takardar haraji ta 1099-G ta iso, don tallafin ma kuɗin shiga ne sai ka biya masa haraji.

To ga wanda zai shiga, kafin ka sha hannu da mai gona ka ce ya nuna maka bes ekar gonar da adadin amfanin da ke fayil, akwai takardar da ofishin ke bugawa mai ɗauke da su, FSA-156EZ, don gona biyu na iya zama kafaɗa da kafaɗa ɗaya na da bes ɗaya babu, kuma ya kamata hakan ya shafi yadda za ku yi ciniki. Ku rubuta yarjejeniya tun ranar farko. Idan mai gonar tsoho ne ko yana nesa a yi takardar wakilci ta FSA-211 wani na kusa ya riƙa sa hannu a madadinsa, mu sai daga baya muka yi, da mun huta da gidan waya. Ka ga mai inshora kafin ka zaɓi PLC ko ARC. Rahoton shuka kada ka yi wasa da shi ko da kana ganin babu abun da zai kawo, duk wani agajin gaggawa da zai ɓullo daga baya a kansa ake ɗorawa. Duk takardar da ka sa wa hannu ka nemi kwafi, ni yanzu jaka guda gare ni a bayan kujerar mota. Idan aka yanke maka hukuncin da ba ka yarda da shi ba kana da damar ɗaukaka ƙara, akwai kwamitin manoma zaɓaɓɓu a kowace kawunti, wa'adin kwana 30 ne. Kuma ka sani kuɗin nan ba sirri ba ne, ana iya ganin sunayen masu karɓa da adadin a intanet, ranar da na duba na kawuntinmu na ga manyan gonaki masu abokan tarayya da yawa, kowanne da nasa iyakar tallafi ta dala 125,000 a lokacin, sai na gane inda kaso mai tsoka yake tafiya, irinmu masu eka ɗari da 'yan kai muna can ƙasan jerin.

Dokar da aka sa wa hannu 4 ga Yulin 2025 ta ɗaga farashin audugar daga santi 36.7 zuwa 42, ta ɗaga iyakar mutum ɗaya zuwa dala 155,000, kuma an ce za a ƙara bes eka ga gonakin da suka cancanta, na riga na tambaya ko ekokinmu 48 da ba su da shi za su shiga, an ce in jira wasiƙa. Kuɗin noman 2025 sai Oktoban 2026 in Allah ya kai mu. Baba ya zauna da fensir ya lissafa min abun da yake ganin zan samu, na karɓi takardar na ninke na sa a jakar bayan kujera, uwargida ta tambaye ni nawa ne nace mata ban duba ba.